Gudumar Katakon Surukata

A garin Świdnik da ke gabashin ƙasar Folan, kusa da birnin Lublin, ba sai ka duba kalanda ba kafin ka san yau Lahadi ce. Da an taso daga coci, kafin azahar, sai benen da muke ciki ya ɗauki sauti: tim, tim, tim, daga sama, daga ƙasa, daga bayan bango. Ranar da na fara jin sa na tsaya cak a kan matakala, domin kunnena ya kai ni tsakar gidanmu a Wusasa, lokacin da mata ke lugude a turmi ɗaya. Saurayina, wanda yanzu shi ne maigidana, ya ce mini matan gidan ne ke bugun nama. Kowace tana shirya abinci iri ɗaya, wanda suke kira kotlet schabowy.

Kafin in yi nisa, ina neman afuwar 'yan'uwana Musulmi masu karanta wannan. Abincin nan da naman alade ake yin sa, kuma na san matsayinsa a wurinku, domin rabin dangina Musulmi ne. Ba tallan sa na zo yi ba, kuma ba na kiran kowa ya ɗanɗana. Labarin wata tsohuwa nake son bayarwa, kuma babu yadda zan ba da shi in tsallake abincin.

Ni Bahaushiya ce Kirista. Kakana na wajen uba ne ya karɓi addinin, 'yan'uwansa suka ci gaba da Musulunci a cikin birnin Zariya, zumunci bai yanke ba har yau. Muna zuwa musu Sallah, suna zuwa mana Kirsimeti. A gidanmu ba a taɓa ɗora alade a murhu ba. Ba wani fasto ne ya hana mu ba; haka muka taso, kuma mahaifiyata takan ce tukunyar da goggonninmu ba za su iya cin abin cikinta ba, ba ta da wurin zama a ɗakin girkinta. Da wannan ƙyamar na girma, da ita na sauka a Lublin a 2013 don karatun aikin jinya. Shekara uku ina ƙasar da alade ne naman yau da kullum, amma ban taɓa kai shi bakina ba.

A kakar 2016 ne saurayina ya kai ni gaida mahaifiyarsa. Mijinta ya daɗe da rasuwa, tana zaune ita kaɗai a hawa na uku. Ta shimfiɗa farin mayafin tebur, ta fito da farantan da ba a taɓa su sai ranar biki. Aka fara da romon kaza da siririyar taliya, wanda suke kira rosół, na sha na yaba. Sai ta shigo da babban faranti, ta ajiye a gabana da hannu biyu. Nama ne fale-fale mai faɗi, ya kusa rufe farantin, launinsa kamar ƙosai da ya soyu daidai, ga dafaffen dankalin turawa a gefe, ga yankakkiyar kokwamba cikin kirim mai tsami irin na kindirmo. Ta koma ta zauna tana kallon fuskata.

Na tambayi ɗanta a hankali naman mene ne. Da ya faɗa mini, sai na ji cikina ya juya. Na cinye dankalin, na cinye kokwambar, na bar naman yadda aka kawo shi. Ta ce da yarensu, "Babu daɗi ne?" Yaren nawa a lokacin na asibiti ne kawai, ban da kalmomin da zan yi mata bayani, shi kuma kunya ta hana shi cewa komai. Ta ɗauke farantin ba ta ƙara magana ba. Na ji ƙarar ruwan famfo a kicin ya daɗe yana zuba.

Na ɗauka ƙaramin abu ne. Sai da muka kama hanyar komawa Lublin ya ce mini tun ranar Juma'a ta je wurin mahauci ta zaɓi naman, ta jiƙa shi tun daren Asabar. Nan take na gane abin da na yi. A gida, idan ka je ƙauye tsohuwa ta kama kazarta guda ɗaya ta sa aka yanka maka, ka ture kwanon gefe, ai ba kaza ka ƙi ba. Na yi kuka a cikin motar haya har muka iso.

Wata biyu ban koma ba. Da na koma, tebur ɗaya, farin mayafi ɗaya, aka kawo faranti mai kama da na farko sak. Kafin in buɗe baki ta ɗaga hannu, ta shiga kicin ta fito da wani sabon kasko, takardar farashi ma ba a gama ɓare ta daga gindinsa ba. Ta nuna naman ta ce kaza, ta nuna kaskon ta nuna ni. Ashe ta zaci ni Musulma ce, ta je ta tambayi wata maƙwabciyarta da ta taɓa zama a ƙasar Larabawa, aka ce mata ko kaskon da aka soya alade bai kamata a yi mini amfani da shi ba. Ba ta nemi in yi mata bayani ba, ba ta ce in ba da haƙuri ba. Daga ranar aka samu kasko biyu a gidan, nata baƙi na ƙarfe mai nauyi, da nawa. Ko bayan ta fahimci cewa ni Kirista ce, har bayan aurenmu a 2018, ba ta taɓa haɗa su ba.

Da yarena ya ƙaru ne na fara jin dalilin da ya sa wannan yankin nama ke da nauyi haka a zuciyarta. Ta yi aiki a masana'antar jiragen sama masu saukar ungulu da ke Świdnik, wadda kusan garin gaba ɗaya ya rayu a kanta a zamanin mulkin kwaminis. Ranar 8 ga Yuli 1980 ma'aikata suka shiga ɗakin cin abinci suka tarar an ƙara kuɗin kotlet schabowy daga zuloti 10.20 zuwa 18.10, ba tare da sanarwa ba. Suka kashe injuna. Yajin aikin ya kwana huɗu a masana'antar, ya bazu zuwa Lublin da kewaye, ma'aikatan jirgin ƙasa suka shiga, har wuraren aiki sama da 150 suka tsaya. Wata guda bayan haka ma'aikatan tashar ƙera jiragen ruwa ta Gdańsk suka tashi da nasu a ƙarƙashin Lech Wałęsa, daga nan ƙungiyar ƙwadago ta Solidarność ta fito. Duniya ta san Gdańsk. Surukata kuwa, duk lokacin da talabijin ya nuna bikin tunawa, sai ta buga tebur da yatsa ta ce a wurinsu aka fara, kuma a kan nama aka fara.

Ta ce mini kada in ɗauka kwaɗayi ne. Mutum ya yi aiki tun asuba, matarsa ta tsaya layi tun kafin gari ya waye a gaban shagon nama, ta isa gaba ta tarar da ƙugiyoyi babu komai a rataye, sannan abin da ya rage masa na nama a wurin aiki a kusan ninka masa kuɗi. Daga 1981 sai da katin rabo ake sayen nama, kuma ba a soke katin ba sai 1989. A cikin waɗannan shekarun ta haifi maigidana. Ta gaya mini yadda take tara rabon mako da mako don Lahadi ɗaya, yadda take buga yanka guda har ya yi faɗin da za a raba wa mutum biyu, da yadda, in babu, take yanka tsiran-alade mai arha ta shafe shi da garin burodi ta soya don yara su ga kamar shi ne. Ita kanta sau da yawa dankali da ɗigon mai take ci, ta ce musu ta riga ta ci a kicin. Da ta faɗi wannan na tuna mahaifiyata da ƙashin miya. Wannan ƙaryar iyaye mata, ashe ba ta da ƙasa.

A watan Janairun 2021 ta faɗi a banɗaki. Shanyewar ɓarin jiki ce, ta ɗauke mata hannun dama da ƙafar dama, ta tafi da mafi yawan maganarta. Lokacin annobar korona ne, ba a barin kowa ya shiga asibiti dubiya. Da aka sallame ta muka tattara kayanmu daga Lublin muka koma gidanta, ni da maigidana da 'yarmu mai shekara biyu. Aikina ne jinya, na san yadda ake juya mara lafiya, na san yadda ake wanka da sauya shimfiɗa. Abin da ya gagare ni shi ne abinci. Da farko sai mai laushi aka yarda ta ci saboda haɗiya. Bayan mai koya mata magana da haɗiya ta tabbatar za ta iya tauna, ita kuma ta riga ta rufe baki. In kai cokali, ta juya fuska bango. Tana ramewa a gaban idona, zoben aurenta ya fara zamewa daga yatsa.

Wata Lahadi na tura kekenta zuwa kicin don ta sha hasken taga. Sai maƙwabciyar sama ta fara, tim, tim, tim. Na ga surukata ta ɗaga kai tana bin silin da ido. Sannan ta miƙa hannun hagu ta nuna aljihun kabad na biyu. Na jawo, ga gudumar. Ta katako ce, kanta mai haƙora a gefe ɗaya, mariƙinta ya yi baƙi ya yi santsi saboda shekaru. Na ce, "Mama, kaza?" Ta girgiza kai. Ta nuna baƙin kaskon.

Ba zan ɓoye ba, na kwana ina juyi. Na yi addu'a, na kira mahaifiyata na gaya mata. Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Matar nan ta sayo miki kasko lokacin da ba ta san ko za ki zama tata ba. Ki wanke hannu ki dafa mata." Ranar Juma'a na je wurin mahaucin, na ce a ba ni schab, wato tsokar gadon baya mara ƙashi. Ya dube ni, ya ambaci sunan surukata, ya tambayi jikinta, ya zaɓo mini mai ɗan siririn kitse a gefe, ya ce irin wanda take saye ke nan.

Na farkon da na yi bai ciwu ba. Waje ya ƙone, rigar burodin ta saɓule ta zauna a kasko, naman ya lanƙwashe kamar ƙoƙo. Ta kalle shi, ta kalle ni, ta ce kalma ɗaya daga cikin 'yan kalmomin da suka rage mata: jeszcze. Ma'anarta "ƙara" ko "sake". Ɗayar kalmar da take iya fitarwa da kyau ita ce dość, "ya isa". Da waɗannan biyun, da hannun hagu, da harara, ta koya mini girkin da ta shekara hamsin tana yi.

Ga yadda ta koya mini. Ana yanka naman kaurin babban yatsa, kamar santimita ɗaya da rabi. Akwai farar jijiya a gefe. Sai an tsaga ta wuri biyu ko uku da bakin wuƙa, domin ita ce ke tsukewa a wuta ta lanƙwasa naman. Daren Asabar a jera yankan a kwano, a rufe da yankakkiyar albasa, a zuba madara ta sha kansu, a sa a firji. Wasu gidajen ba sa yin wannan, ita kuwa ba ta yarda da tsallake shi ba. Da safe a fitar, a bar sanyin ya sake shi, a tsane kowane yanka da tsumma har ya bushe ƙarau. Nan ne kuskurena na farko yake: jiƙaƙƙen nama ba ya riƙe riga, tururin da ke fita daga jikinsa ne ke ɓamɓare ta.

Sai bugu. Hannuna ya saba da taɓarya, don haka na ɗaga gudumar sama na sauke da ƙarfi, naman ya huje. Ta kama wuyan hannuna da hannunta na hagu, ta sauke shi ƙasa ƙasa, ta nuna mini daga tsakiya ake farawa ana turawa zuwa gefe, kamar mai lallashi, ba kamar mai daka gero ba. Ina bugu tana cewa jeszcze, jeszcze, ta sa yatsa ta shafa, ta ce jeszcze, har sai ya kai kamar rabin santimita kuma ko'ina ya daidaita, sannan ta ce dość. Ba ta taɓa auna komai ba. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

Gishiri da masoro kawai ake barbaɗawa. Ranar da na ɗauko yaji da tafarnuwa ta rufe farantin da tafin hannunta. Sannan faranti uku a jere: garin fulawa, kaɗaɗɗen ƙwai, garin burodi. A fulawa a kakkaɓe sosai, a ƙwai a ɗaga ya ɗige, a garin burodi a juya a ɗan taɓa da yatsu, ba a dannawa. Garin burodin ma ba na shago ba ne. Tana da jakar yadi a bayan ƙofa inda take tara ƙananan burodin da suka bushe, a niƙa su da injin hannu da ake ɗaurewa a bakin tebur. Mutumin da ya yi layin burodi ba ya zubar da burodi. Kuma ba a shafa wa nama riga sai kasko ya riga ya yi zafi, domin in ya zauna jira, garin zai jiƙe.

A kitsen alade take soyawa, wanda suke kira smalec, ba a man gyaɗa ba, kuma da yawa, har ya kai rabin kaurin naman. Za ta sa in jefa ƙwayar garin burodi ɗaya. In ta nutse shiru, da saura, in ta yi baƙi nan take, wuta ta yi yawa, in ta taso tana rawa da ƙananan kumfa, lokaci ya yi. Kamar minti uku kowane gefe, juyi ɗaya tak, ba a sokawa da cokali mai yatsu, ba a rufe kasko. Gab da saukewa a jefa ɗan man shanu. In an kwashe ba a ɗora wani kan wani. Dankali ya riga ya dahu yana jira da yankakken ganyen koperek mai ƙamshi a kansa, kokwamba ta riga ta sha gishiri an matse ruwanta an gauraya da kirim. Mutane ne ke jiran naman a tebur, ba naman ke jiran mutane ba.

A Lahadi ta huɗu ne ya fito daidai. Na san haka tun kafin a ɗanɗana, daga ƙarar da wuƙa ta yi a kansa. Na yayyanka mata ƙanana ƙanana, na zauna kusa ina lura da haɗiyarta. Ta ci ɗaya, ta rufe ido. Ta ci na biyu. Maigidana ya tashi ya fita baranda, na ga kafaɗunsa suna rawa. Ta cinye rabin yanka da dankali biyu, abin da ba ta ci ba a kwana uku a haɗe. Sannan ta soki wani ɗan guntu da cokali mai yatsu, hannun na karkarwa, ta miƙo shi wajena. Ta tsaya a tsakiya, kamar ta tuna, ta fara janyewa. Ni na kamo hannun na kai bakina. Ta ce córeczko, wato "'yata", kalmar da ba ta fito daga bakinta ba tun faɗuwarta.

Har yau ban zama mai son naman ba. Yawancin Lahadi kaza nake soya wa kaina, a kaskona. Amma ƙyamar da ke sa in ture farantin mutum ta tafi daga ranar.

A ƙarshen Fabrairun 2022 yaƙi ya ɓarke a Yukren. Ɗan goggona, Musulmi, yana karatun likita a can. Ya kwana uku a hanya da a layin kan iyaka cikin sanyi, kafin ya tsallako Folan, maigidana ya je da mota ya ɗauko shi. Ya iso gidan ƙafafunsa a kumbure, da jaka ɗaya a baya. Surukata ta dube shi daga kekenta, ta dube ni. Na ce mata ƙanena ne, kuma shi Musulmi ne na gaske, ba irin wanda ta zace ni ba. Ta gyaɗa kai. Ranar Asabar na shiga Lublin na samo kaza a shagon da ake sayar da yankan halal. Da na zo bugu na miƙa hannu zan ɗauki gudumar, sai ta daka mini tsawa, nie, a'a. Ta nuna katakon, ta nuna baƙin kaskon. Ni ban yi tunanin ba, ita ta yi: katakon ya shekara da shekaru yana shan alade. Ta sa na ɗauko kwalba na wanke, na shimfiɗa sabon faranti maimakon allon yanka, na buga kazar da gindin kwalba, na soya da man shuka a kaskon da ta saya mini. Ranar duk gidan kaza muka ci, baƙin kaskon bai sauko daga ƙusa ba har ya bar gidan bayan mako uku. Da zai yi sallah, ita ce ta nuna masa ɗakinta, domin nan ne ya fi tsabta da shiru. Yana kiranta Kaka, tana amsawa, ba tare da kowa ya fassara mata ba.

Ta rasu a watan Nuwambar 2023, cikin barci. Muna nan a gidan. Jakar burodin tana bayan ƙofa, ni ke cika ta yanzu. 'Yarmu, wadda ta fi ni iya yarensu kuma take jin Hausa in na matsa mata, ta fara hawa kujera tana karɓar gudumar, ni kuma na sami kaina ina riƙe wuyan hannunta ina saukar da shi ƙasa ƙasa.

Lahadin da ta wuce mahaifiyata ta kira daga Wusasa muna tsakiyar aiki. Na ajiye wayar a kan tebur. Ta saurara, ta ce, "Wa ke daka a gidanku?" Na ce jikarki ce. Ta ce in ba ta wayar, na ji tana tambayar yarinyar ko hannunta bai gaji ba. Yarinyar ta ce a'a, da saura biyu.